Majalisar Makaranta: Abin da Muke Tattaunawa da Abin da Muke Mantawa

Jawabin da baƙo mai jawabi ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, wanda aka yi a filin makarantar firamare ta gari, kwana biyu bayan Babbar Sallah.

 



GABATARWA

Lokacin da takardar gayyata ta iso mini, na tarar shugabanni sun sakar mini mara, sun ce in yi magana a kan duk abin da na ga dama game da ilimi. Da farko na yi niyyar bin hanyar da aka saba, wato in tsaya in yabi ilimi, in ce shi ne gishirin zaman duniya, a tafa mini, a tashi a ci abinci. Sai kuma na tuna cewa babu wanda ya baro gidansa ya zo nan yana musun amfanin ilimi. Saboda haka na zaɓi in kai ku wani ɗan ƙaramin wuri da ba a cika leƙawa ba, wato ajin da ake kawar da bencina a zauna taron kwamitin makaranta.

Na yi koyarwa, na riƙe hedimasta, na kuma rubuta bayanan irin wannan taro da hannuna shekara da shekaru. Abin da na lura da shi shi ne, batutuwan da ake ta da jijiyar wuya a kansu ba sa canzawa, daga wannan makaranta zuwa waccan, daga bana zuwa baɗi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan in ambaci wani batu guda da kusan kullum ake tashi ba a taɓo shi ba, alhali saboda shi aka gina makarantar. Idan na taka wani, ina roƙon afuwa tun yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

MAKARANTA TA WANE NE?

Kafin mu shiga ɗakin taron, ya kamata mu san yadda aka yi har aka zo gare shi. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, ilimin boko ya shigo ƙasar nan ne daga sama. En'e ce ke gina elementare, ita ke biyan malami, hakimi da dagaci su ke nemo yara, wani lokaci ma da tilas. Iyayenmu da suka ga wannan zamani suna nan zaune, za su ba da shaida. Daga nan ne aka gaji tunanin cewa makarantar boko ta hukuma ce, makarantar allo kuwa ta jama'a. Shi ya sa har gobe mutum zai kai wa malamin allo dami da kaka ba tare da an roƙe shi ba, amma kwanon ajin ɗansa ya yaye sai ya ce a jira gwamnati.

A watan Satumba na 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka cika azuzuwa da yara kafin a tanadi isassun malamai. Ranar 30 ga Satumba, 1999, aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, sannan a 2004 aka kafa masa doka. Wannan doka ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, wato 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗaɗen shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin cewa kafin jiha ta karɓi kuɗin gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta.

To, ga yadda tsanin yake. A Abuja akwai hukumar UBEC mai riƙe da tallafin. A babban birnin jiha akwai SUBEB mai ba da kwangilar gini da kula da malamai. A ƙaramar hukuma akwai ofishin ilimi ƙarƙashin Sakataren Ilimi. A can ƙasan tsanin kuma akwai mu. Jim kaɗan bayan dokar 2004, Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa wa kowace makaranta kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, wanda aka fi sani da SBMC, kuma daga 2008 shirin ESSPIN, da tallafin Birtaniya, ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa. Wannan kwamiti ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA. Ita PTA ta masu yara a makaranta ce. Shi kuwa kwamitin na gari ne gaba ɗaya, an tsara ya ƙunshi wakilin sarauta, da hedimasta, da malamai, da malaman addini, da mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, da ƙungiyoyi irin tamu, har da ɗalibai su kansu, mace da namiji.

Ashe ke nan muna da kujera a wurin. Tambayar ita ce, idan mun zauna a kanta, me muke faɗa?

BATU NA FARKO: KUƊI

Ban taɓa halartar taron makaranta da aka tashi ba a yi maganar kuɗi ba. Hedimasta zai miƙe ya ce babu alli, babu rajista, ƙofar aji ta ɓalle, yana neman kowane uba ya ba da wani ɗan abu. Nan take wani zai miƙe ya ce ai gwamnati ta ce ilimi kyauta ne. Abin da ke sa wannan gardama ta ƙi ƙarewa shi ne kowannensu yana da gaskiya. Dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki, har ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa Naira 10,000 ko ɗaurin wata 3 ga wanda ya karɓa. A ɗaya gefen kuma, doka ba ta rubutu a allo, sai da alli.

A ganina mafita tana cikin bambanta abubuwa biyu. Akwai kuɗin da ake ɗora wa yaro, a kore shi gida idan bai kawo ba. Wannan ya saɓa wa doka, ya kuma saɓa wa tausayi, domin wanda ake kora kullum shi ne maraya da ɗan talaka, waɗanda suka fi kowa buƙatar makarantar. Akwai kuma gudummawar da gari ke haɗawa don ganin damarsa, mai buhu ya ba da buhu, mai tiya ya ba da tiya, magini ya ba da yini guda, kafinta ya gyara benci. Wannan shi ne gayya da muka gada, kuma babu dokar da ta hana shi.

Sai dai jama'a ba sa ba da kuɗi inda ba su ga lissafi ba. Na taɓa zama a wani taro inda aka nemi ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, sai ya ce littafin yana gida. Aka sake zama bayan wata uku, littafin yana gida. Ban ce ya ci ko sisi ba, mai yiwuwa ma daga aljihunsa yake cikawa. Amma daga ranar hannun mutane ya koma aljihu, kuma bai sake fitowa ba. Wannan darasi ya ƙara muhimmanci yanzu da wasu shirye-shirye, irin su AGILE na Bankin Duniya da aka fara a 2020 domin karatun 'yan mata, suka riƙa tura kuɗin gyaran makaranta kai tsaye ta hannun kwamitoci. Kwamitin da bai iya riƙe lissafin Naira dubu goma ba, ranar da miliyan ta shigo asusunsa fitina ce ta shigo gari.

BATU NA BIYU: MALAMAI

Idan an gama da kuɗi sai a juyo kan malamai, kuma a nan ne murya ke sauka, domin malamin da ake magana a kansa ɗan wane ne, ko surukin wane. Ƙorafin iri uku ne: malamai ba su isa ba, waɗanda ake da su ba sa zuwa a kan lokaci, wasu kuma ba su iya abin da aka ɗauke su su koyar ba.

Game da ƙaranci, manufar ilimi ta ƙasa ta tsara malami 1 ga yara 35 a firamare. Ku leƙa aji ɗaya na kowace makaranta a ƙasar hakimin nan ku ƙirga da kanku. Wani ɓangare na matsalar kuwa rabo ne. Za ka tarar makarantar cikin gari ta cika da malamai har wasu na zaman hira a gindin bishiya, ta ƙauye kuma malami biyu ke riƙe da aji shida. Mene ne dalili? Duk wanda aka tura ƙauye sai ya nemi wani babba ya kai shi ofishin ilimi a soke canjin. Su wane ne waɗannan manya? Mu ne, jama'a. Da safe mu je mu roƙa a bar ɗanmu a gari, da yamma mu zo taro mu yi kukan babu malamai a ƙauye.

Game da ƙwarewa, takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Amma takarda daban, iyawa daban. A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta kuma bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, wato kashi 75 cikin 100. An yi ta muhawara a kan yadda aka shirya jarrabawar da kuma sallamar da ta biyo baya, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, kuma ba ni ne zan yanke hukunci a nan ba. Abin da ya dame ni shi ne, waɗannan malamai sun yi shekaru suna shiga aji a garuruwan da ke da iyaye da kwamitoci, sai da aka zo daga babban birni sannan aka san halin da ake ciki. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma adalci ya wajaba. Malamin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, wanda ƙarin girmansa ya tsaya a takarda, idan ya bar aji ya tafi gona ko acaba, yunwa ce ta kore shi. Albashin malaman firamare ya daɗe yana fita daga kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya biyo, haƙƙinmu ne mu tambayi shugaban ƙaramar hukuma da kansilanmu ko malami ya samu nasa.

Kwamiti ba shi da ikon ɗaukar malami ko korarsa. Yana da ikon duba rajistar zuwa aiki, ya kira malami ya yi masa nasiha a asirce, in ta ƙi ya rubuta wa Sakataren Ilimi. Yana kuma da ikon nema wa baƙon malami ɗaki a gari, a karrama shi yadda iyayenmu suka karrama malaman da. Malamin da gari ya riƙe shi da mutunci ba ya saurin neman canji.

BATU NA UKU: YARAN DA BA SA ZUWA

Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Idan aka karanta wannan adadi a taro sai kowa ya girgiza kai, a wuce. Miliyan ba ta da fuska. Amma mai unguwa ya san gidan da ke da yara biyar, biyu ne kawai ke zuwa. Ya san yarinyar da ta bar aji biyar ta ɗauki farantin talla. Hedimasta ya san cewa ranar kasuwa rabin aji ba ya nan, da damina kuma sai an gama noman farko ake ganin manyan yara.

A nan muhawara takan rabu biyu. Wasu su ce a yi amfani da doka, domin dokar 2004 ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta a fara yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Wasu su ce lallashi ya fi. Ni dai a iya zamana ban ga yaron da tara ta dawo da shi aji ba, amma na ga da yawa da ziyarar liman da mai unguwa ta dawo da su. Na kuma ga inda aka zauna da malaman allo aka daidaita lokaci, yaro ya yi karatun asuba ya wanke allonsa, ya iso boko kafin a buga ƙararrawa, kowa ya samu nasa ba tare da an ɓata wa kowa ba.

Game da 'ya'ya mata kuwa, akwai wani abin mamaki. Za a tara maza zalla a yi awa biyu ana tattauna dalilin da ke sa 'yan mata barin makaranta, alhali matan da aka rubuta sunayensu a kwamiti ba a ma aika musu da sanarwa ba. Da an tambayi uwa, da ta faɗi abin da namiji ba zai taɓa kawowa a ransa ba: makarantar ba ta da makewayi mai ƙofa, kuma yarinyar da ta fara girma ba za ta yini a irin wannan wuri ba. Da ta faɗi cewa kuɗin tallan nan da shi ake tara kayan ɗaki, don haka mai son a ajiye faranti sai ya zo da shawarar abin da zai maye gurbinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shigar mata cikin sha'anin ilimi kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru tun kafin Bature ya kafa allonsa na farko. Idan al'ada ta hana iyayenmu mata magana a gaban maza, sai a ba su nasu zaman, wakiliyarsu ta kawo abin da suka yanke, a rubuta shi a littafi daidai da na kowa.

BATU NA HUƊU: FILI DA TSARO

Filin makaranta dukiya ce da ba ta da mai kuka. Bana wani ya matso da shingen gonarsa taku biyu, baɗi wani ya kafa rumfa, shekara ta uku rumfa ta zama shago. Idan aka kawo maganar a taro sai a ce a bar ta saboda zumunci. Ina roƙon mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, a sa dagatai da dattawan da suka san iyakokin asali su zagaya da ma'aikatan safiyo, a kafa duwatsu, a yi takarda, a ajiye kwafi a fada, kwafi a ofishin ilimi. Dattawan nan ba za su dawwama ba, kuma ranar da suka kau, iyaka ta kau tare da su.

Tsaro kuwa batu ne da iyayenmu ba su san shi a ajandar makaranta ba. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, babu uban da za a zarga idan ya tambayi wane ne ke gadin makarantar 'yarsa. Katanga tana da amfani, amma kowa ya san iyakarta. Abin da kwamiti zai iya yi ba tare da jiran kwangila ba shi ne ya zauna da jami'an tsaro da 'yan sintiri a tsara wanda za a kira idan an ga baƙuwar fuska, da hanyar da yara za su bi, da gidajen da za su fake. Rigakafi ya fi magani.

BATUN DA AKE MANTAWA

Yanzu na iso inda na dosa. Ku ɗauko littafin bayanan taron kowace makaranta ku buɗe. Za ku ga kwano, za ku ga fenti, za ku ga rigimar wanda zai zama shugaba da wanda aka gaisar kafin wane. Da wuya ku ga shafin da aka rubuta wannan tambaya: yaranmu sun iya karatu?

Abin da ya buɗe mini ido wata tsohuwa ce. Ta zo ofishina riƙe da hannun jikanta ɗan aji biyar, da wata 'yar takarda da ɗanta ya aiko mata daga kudu, rubutun Hausa layi huɗu. Ta ce ta ba yaron ya karanta mata, ya juya takardar sama da ƙasa ya yi shiru. Ta ce, “Malam, shekara biyar ina hana shi kiwo saboda ku. Me kuka ba shi?” Wallahi ban sami amsa ba. A wannan zangon mun yi taro har sau biyu, mun yi gardama mai zafi a kan launin fentin ofis, kuma ni ne na rubuta bayanan. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Kada a ɗauka wannan yaro shi kaɗai ne. Gwajin karatu da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2013 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa a cikin ɗan gajeren labari ba. Yaron da ya wuce aji uku bai haɗa baƙi da wasali ba, duk abin da za a koya masa daga nan zuba ruwa ne a kwando. Sai a yi ta tura shi gaba saboda tsarin kowa ya wuce, har ya isa jarrabawar fita, a nan kuma a fara neman wanda zai rubuta masa amsa a allo. Satar jarrabawar da muke kuka da ita a sakandare, a aji biyu aka shuka ta. Wannan kuma shi ne ainihin amsar batu na uku, domin uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, wace hujja za ka kawo masa ya raba nasa ɗan da garke?

Wani zai ce matsalar harshe ce, kuma lallai an daɗe ana wannan muhawara a sama. Manufar ilimi ta daɗe tana cewa a koyar da harshen gida a shekaru ukun farko. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai shi har aji shida, a Nuwambar 2025 kuma aka sanar da soke wannan tsari aka koma Turanci. Ba a ajinmu ake yanke wannan ba. Amma ko da wane harshe aka ce a koyar, babu wanda ya hana mu zaunar da yaro mu miƙa masa takarda mu ji abin da zai karanta.

Yin hakan kuwa ba ya buƙatar digiri. A ƙasar Indiya, wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara tun 2005 tana tura 'yan sa-kai gida-gida da takarda guda ɗaya: a sama haruffa, sai kalmomi, sai 'yan jimloli, sai gajeren labari. Inda yaro ya tsaya, nan ne matsayinsa. Mu da muka tashi a makarantar allo mun riga su sanin wannan hikima, domin malamin allo ba ya barin yaro ya wanke sai ya biya an ji. A boko ne kaɗai muka yarda a wanke ba a biya ba.

SHAWARWARI

Domin kada jawabi ya tashi a iska, ina gabatar wa wannan ƙungiya mai albarka shawarwari shida.

Na ɗaya, a farkon kowane zangon karatu da ƙarshensa, ƙungiya ta tura matasanmu masu NCE da digiri da ke zaune a gida su gwada karatun 'yan aji biyu zuwa huɗu da lissafinsu, tare da izinin hedimasta da ofishin ilimi. A yi shi da niyyar gyara, kada a mai da shi hanyar tozarta malami ko yaro.

Na biyu, sakamakon wannan gwaji ya zama batu na farko a ajandar kowane taro, kafin kuɗi, kafin gini. Yaran da aka samu a baya a ware musu awa guda bayan tashi, ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗan alawus na mai koyar da su.

Na uku, a liƙa lissafin kuɗin makaranta a jikin bangon ofis kowane zango, da Hausa, boko da ajami, kuma kada a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum uku.

Na huɗu, kowane taro ya fara da karanta abin da aka yanke a na baya, da sunan wanda aka ɗora wa aikin, da abin da ya yi. Shawarar da ba ta da mai ita marainiya ce.

Na biyar, a tabbatar da zaman mata, a kuma bar ɗaliban da ke cikin kwamiti su buɗe baki. Su ne ke yini a ajin.

Na shida, mu da ke zaune a birane mu yi wa kanmu alkawari cewa ba za mu sake zuwa ofishin ilimi neman a soke canjin wani malami ba. In za mu taka ofishin, mu je da takardar kwamiti a hannu, mu nemo wa ƙauyukanmu malamai.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe, iyayena da 'yan'uwana, da yawa daga cikinmu a wannan fili muka koyi rubuta sunayenmu, wasu a ƙasa da yatsa. Yau 'ya'yanmu suna makarantun kuɗi a birni, waɗanda suka rage a nan kuwa 'ya'yan 'yan'uwanmu ne da ba su da wani zaɓi. Su ne za su zama limaman garin nan da ungozomominsa da kansilolinsa, su ne kuma za su ɗauki gawarmu idan an kawo mu gida. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Fatana shi ne idan Allah Ya kai mu taron baɗi, sakataren ƙungiya ya miƙe a wannan wuri ya faɗa mana yara nawa ne suka koyi karatu a cikin shekarar, unguwa-unguwa, mu ji da kunnuwanmu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman gafara. Allah Ya ƙara wa mai girma Hakimi lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.